Baƙin Maɗin Rake: Fashin Baƙi Kan Barasar Karebiyan da Rigimar da Ke Cikin Kwalbarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu mazarƙwaila a ƙasar Makarfi ya san yadda aikin yake. Doki na zagaya injin matsa, ana cusa rake, ruwan na zuba a garwa, a juye a babban kasko a yi ta dafawa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. In ban da kumfar da ake kwashewa, ba a raba komai da komai, shi ya sa mazarƙwaila take da duhu. Farin sukari kuwa sai an raba ƙwayarsa da ruwan da ya ƙi daskarewa. Ruwan nan baƙi ne, mai kauri da danƙo kamar maɗin ɗinya, kuma wajen rabinsa sukari ne da ya gagara fita. A masana'antu ana kiransa molasis. A yau tan 100 na rake kan ba da kimanin tan 10 na sukari, ya bar tan 3 zuwa 4 na wannan baƙin maɗi.

Daga shi aka samo barasar da ake kira ram. Kada a haɗa sunan da Rum ta Bahar Rum, babu abin da ya gama su. Masu Ingilishi na rubuta rum, Faransawa rhum, masu Sifaniyanci ron, kuma waɗannan rubutu uku su ne mabuɗin maganar gaba ɗaya.

Ni ba na shan barasa, addinina ya haramta, kuma ban zo tallarta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu sharhi a kan ram suke gardama. Da farko za ka ɗauka zancen ɗanɗano ne kawai: wannan na ƙamshin ayaba, wancan na ƙamshin ɗanyar ciyawa, wancan kuma kusan ba ya jin komai. Da ka bi sawun kowane ƙamshi sai ka tarar da wata doka da wani sarkin Turai ya sa wa hannu, ko faɗuwar farashin sukari, ko gumin mutanen da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Harshen mai sharhi tarihi yake karantawa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma rigimar da ake yi yau a kan abin da ya kamata a rubuta a jikin kwalba, duk ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya wasu su sarrafa su ci riba ta san irinta.

Yadda ake yinsa ba shi da wuyar fahimta. A sirka maɗin da ruwa, ko a ɗauki ruwan raken kai tsaye, a bar shi ya tsimu, yis, ƙwayar halittar nan da ke kumbura burodi, ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Sannan a dafa. Barasa na tashi tururi a ma'aunin zafi 78, ruwa sai ya kai 100, don haka tururin farko ya fi ƙarfi. A bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Abin da ya fito fari ne tas kamar ruwan famfo. Wasu a nan suke ɗura shi a kwalba, wasu su ajiye a gangar katako shekaru. Mataki huɗu ke nan: me aka tsima, kwana nawa aka bari, wace tukunya aka dafa da ita, ina aka ajiye. A kowane mataki tsibiran Karebiyan, waɗanda ke teku tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, sun rabu, kuma ba zaɓin son rai ya raba su ba.

Rake baƙo ne a can. Kolumbus ya kai shi tsibirin Hispaniyola a tafiyarsa ta biyu, 1493. Amma inda abin ya zama masana'anta shi ne Barbados, ɗan tsibirin da bai wuce murabba'in kilomita 430 ba, wanda Ingilishi suka zauna a 1627. A shekarun 1640 suka koyi aikin sukari daga arewa maso gabashin Barazil, da taimakon 'yan kasuwar Holan, suka sare dazuzzukan tsibirin suka dasa rake. Kafin ƙarnin ya ƙare bayi 'yan Afirka sun ninka Turawan yawa.

Ya kamata a tsaya a kan wannan aiki, domin tallace-tallacen yau da hoton bakin teku da bishiyar kwakwa suke rufe shi. Rake in an sare shi ba ya jira. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya fara tsami. Saboda haka lokacin girbi injin matsa ba ya tsayawa dare da rana. Mutumin da ya yi sa'o'i yana cusa rake tsakanin turamen injin, barci na fizgarsa, hannunsa kan bi raken. An rubuta cewa akan ajiye adda ko gatari kusa da injin don a datse hannun kafin ya ja sauran jikin. A ɗakin dafuwa kuma manyan kasake ne a jere, ana kwashe tafasasshen ruwa daga wannan zuwa wancan cikin zafin da ba a kwatantawa. Mutuwa ta fi haihuwa yawa a gonakin nan, sai masu gonar suka riƙa cike gurbi da sababbin mutane daga jirgi. Jamaika kaɗai an sauke mata kimanin mutum miliyan 1, ƙaramar Barbados kusan rabin miliyan.

Baƙin maɗin da farko shara ne, a ba dabbobi ko a zubar. Da aka gane ana iya dafa tsiminsa, sai shara ta zama kuɗi. Wani Bature mai suna Richard Ligon da ya zauna a Barbados daga 1647 zuwa 1650 ya ambaci ram ɗin da sunan da ake kiransa a lokacin, kill-devil, wato kashe-shaiɗan, saboda tsananin zafinsa. Masu gona sun riƙa ba bayi shi a matsayin rabo, suna sayar wa matuƙan jirgi saura. Kamfanin Mount Gay na Barbados yana riƙe da takardar da ta nuna ana wannan sana'a a filinsa tun 1703.

Sannan barasar ta juyo Afirka. 'Yan kasuwar Rhode Island a Amurka suna sayen maɗi daga tsibiran, su dafa a garin Newport da kewaye, su loda ganguna zuwa gaɓar ƙasar Gana ta yau, musamman Anomabo, su musanya da mutane. Jiragen wannan ƙaramin yanki sun kwashi sama da mutum 100,000. Barazil ma ta yi haka da tata barasar raken, kashasa, wadda ta zama babban kayan musaya a tashar Luwanda ta Angola. A nan labarin ya taɓa mu kai tsaye. A yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 an kama Hausawa da yawa, aka gangara da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, aka tsallaka da su yankin Bahiya na Barazil. Wasu sun ƙare a gonakin raken da ke zagaye da birnin Salvador. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, a 1814 suka sake tashi, kuma a Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin, akasarinsu Yarabawa, suka yi boren da har yau ake tunawa. Mutanen da ba sa shan barasa aka tilasta wa noman abin da ake yin ta da shi.

To, yanzu rubutun nan uku.

Tsibiran Ingila sun saba da tukunyar jan ƙarfe, wadda ake cikawa, a dafa, a juye, a sake cikawa. Ba ta tace barasa sosai, don haka ƙamshin tsimin kan biyo ta. Babban mai saye shi ne rundunar ruwan Birtaniya, wadda ta fara ba sojojinta ram bayan ƙwace Jamaika a 1655. A 1740 Admiral Edward Vernon ya ba da umarnin a riƙa sirka rabon da ruwa saboda yadda maye ke ɓata aiki, kuma ba a daina rabon ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Mai saye irin wannan kaya mai nauyi yake so, wanda ko an sirka shi ba zai ɓace ba.

Jamaika ce ta kai wannan salo maƙura, kuma a ganina nan ne ilimin sana'ar ya fi zurfi. Galibin masana'antun duniya kwana ɗaya ko biyu suke barin tsimi, da zaɓaɓɓen yis. A wurare irin Hampden, a gundumar Trelawny, ana barinsa mako biyu ko fiye a buɗaɗɗun kwatarniyoyin katako, yis ɗin da ke iska da jikin katakon ne ke aiki. Ana zuba masa danda, wato ragowar ruwan da ya saura a tukunya bayan dafuwar baya, kamar yadda mai nono ke barin ɗan na jiya don ya kama na yau. Ana kuma ƙara wani abu daga ramin da ake tara dusar tsimi da tukar rake suna ruɓewa shekara da shekaru. Ƙwayoyin halittar cikin ramin na samar da tsami iri-iri, tsamin ya haɗu da barasa ya haifi sinadaran ƙamshi da ake kira esta. Su ne dai ke ba nunanniyar ayaba da abarba ƙamshinsu. Idan mai sharhi ya ce ram ɗin Jamaika na da hogo, kalmar da aka aro daga Faransanci don naman da ya fara tashi, wannan yake nufi.

Ana auna esta da giram a cikin lita 100 ta zallar barasa. Ram mara nauyi bai wuce 'yan gomomi ba. Na Jamaika kan kai 1,600, iyakar da doka ta sa tun shekarun 1930. Me ya kai su haka? Haraji. A ƙarshen ƙarni na 19 Jamus ta ɗora kuɗin fito mai tsanani a kan barasar waje. Sai 'yan kasuwar birnin Flensburg suka nemi ram mai ƙarfin ƙamshi ainun, su sayi kaɗan, su zuba a barasarsu ta gida mai araha. Kashi 5 cikin 100 ya wadatar. Kamar daddawa ne: ba wanda ke cin ta da cokali, ɗan guntu ke tayar da tukunyar miya. Abin da aka ƙera don sirki, shi ne yau masu tara kwalabe ke rububi su sha zallansa.

Gayana, wadda take kan babban yankin Amurka ta Kudu amma tarihinta na Karebiyan ne, ta riƙe wani abin da babu shi a ko'ina: tukwanen katako. A masana'antar Diamond da ke bakin kogin Demerara har yanzu ana aiki da tukunyar Port Mourant wadda asalinta ke komawa 1732, da ta Versailles, da doguwar tukunyar Enmore ta 1880, ana canza musu katako ɗaya bayan ɗaya in ya ruɓe. A da gonaki masu yawa kowacce da tukunyarta. Da suka yi ta rufewa sai aka riƙa kwaso tukwanen ana tarawa wuri guda, sunan gonar ya bi tukunyar. Yawancin masu saran rake a Gayana a yau jikokin Indiyawan da aka fara kawowa ne a 1838 a kan kwantiragi, bayan an 'yanta bayi sun bar gonakin.

Labarin Faransa ya bi wata hanya. A 1713 Sarki Louis na 14 ya hana sayar da barasar da ba ta inabi ba a Faransa, don kare masu gonakin inabi. Tsibiranta suka rasa kasuwa, suka riƙa sayar wa Amurkawa maɗi da arha, har Birtaniya ta sa masa haraji a 1733, ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka yi ta taruwa tsakaninta da 'yan mulkin mallakarta na Amurka. Babban bugu kuma ya zo daga wani tushe mai kama da gwaza da ake nomawa a Turai, wanda aka gano ana fitar da sukari daga gare shi. Napoleon ya ƙarfafa nomansa daga 1811 lokacin da jiragen Ingila suka toshe masa teku. Zuwa shekarun 1880 sukarin Turai ya karya farashi. Ƙananan manoman Matinik da Gwadalup, tsibiran Faransa, da ke nesa da manyan masana'antu suka ga yin sukari asara ne, sai suka riƙa matse rake su tsima ruwan kai tsaye. Shi ne rhum agricole, ram ɗin manoma. Ranar 8 ga Mayu, 1902, dutsen Pelée na Matinik ya yi aman wuta ya shafe birnin Saint-Pierre da mutum kimanin 28,000, tare da manyan masana'antun da ke dafa maɗi a bakin tashar. Na karkara suka ƙara samun fili.

Ruwan rake ba a dafa shi ya ƙone kamar maɗi ba, shi ya sa masu sharhi ke jin ɗanyar ciyawa da ƙasa a cikinsa. Kuma tunda ruwan ba ya ajiyuwa, sana'ar ta kaka ce, 'yan watanni a shekara, kuma dole tukunya ta kasance kusa da gona. Maɗi kuwa ana loda shi a jirgi. Akwai tsibiran da noman rakensu ya ja baya har sai sun sayo shi daga waje. A 1996 Matinik ta samu irin rajistar asali da Faransa ke ba yankunan inabinta. Dokar ta faɗi inda za a noma raken, irin tukunyar, da ƙarfin da barasar za ta fito da shi, tsakanin kashi 65 da 75, don kada a tace ƙamshin ya gudu. Ba a kiran ram tsoho sai ya shekara 3 a ganga. Ko mutum bai damu da barasa ba, wannan misali ne na yadda yanki ke ɗaure sunansa da ƙasarsa.

Haiti daban take da kowa. Ita ce ta fi ko'ina samar da sukari a duniya kafin bayinta su tashi a 1791 su kafa ƙasarsu a 1804, kuma Faransa ta ɗora mata diyyar faran miliyan 150 a 1825. Manyan gonakin suka wargaje. Abin da ya rage shi ne ɗaruruwan ƙananan tukwane a ƙauyuka, suna yin farar barasar da ake kira kilerin, daga tsofaffin irin rake, ba taki ba yis na kanti, wasu ma dabba ce ke juya musu injin matsa kamar na masu mazarƙwailarmu. Talauci ne ya hana su zamanancewa, kuma wannan rashin ne ya sa 'yan kasuwar Turai suka fara ɗura kilerin a kwalba a shekarun 2010 suna sayarwa da tsada.

Na Sifaniya ba sai an daɗe a kansa ba, ko da yake shi ya cika kantunan duniya. Sifaniya ta jima tana hana yankunanta dafa barasar rake, sai ƙarshen ƙarni na 18 ta sassauta. Bayan faɗuwar sukarin Haiti, Kyuba ta gaje kasuwar, da bayi har zuwa 1886, da jirgin ƙasa tun 1837, kafin ita kanta Sifaniya ta samu. Ta shigo a makare, ta tarar da sabuwar fasaha: doguwar tukunya mai hawa-hawa wadda Aeneas Coffey ɗan Ayalan ya yi wa rajista a 1830, ba ta tsayawa, tana iya tace barasa har kusan kashi 95. Facundo Bacardí ya kafa kamfaninsa a Santiyago a 1862, ya yi suna da tacewa da gawayi, ram ya zama mara nauyi, mai shiga kowane haɗi. Da Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, masu kuɗinta suka riƙa tsallakawa Habana, babban birnin Kyuba, suka koma gida da son wannan salo. Gwamnatin Castro ta ƙwace kadarorin kamfanin a 1960, amma ya riga ya kafa reshe a Puerto Rico da Meziko. Har yau akwai ram biyu masu suna Havana Club: wanda ake yi a Kyuba ake sayarwa a duniya ban da Amurka, da wanda Bacardi ke yi a Puerto Rico don kasuwar Amurka.

Rabon nan uku yana taimaka wa mai koyo, amma masu sana'ar da kansu sun ce ya tsufa. Barbados na haɗa tukunyar jan ƙarfe da doguwar tukunya a kwalba ɗaya, Tirinidad mai magana da Ingilishi ram mara nauyi take yi. Wanda ya fi wannan rauni shi ne rabon da kantuna ke yi na fari da ruwan zinariya da baƙi. Launi ba ya faɗin shekaru. Ana iya zuba ƙonannen sukari a ram ɗin jiya ya yi duhu, ana iya tace na shekara uku da gawayi ya koma fari. Shi ya sa Luca Gargano, ɗan kasuwar Italiya mai kamfanin Velier, da Richard Seale na masana'antar Foursquare a Barbados, suka yi ta kiran a raba ram bisa abin da aka tsima da tukunyar da aka dafa, abubuwan da za a iya tabbatarwa.

Daga nan sharhi ya tashi daga ɗanɗano ya koma zancen gaskiya a ciniki, kuma a nan nake ganin masu sharhin sun yi aikin da ya cancanci yabo. Na farko lambar da ke jikin kwalba. A dokar Tarayyar Turai da ta Amurka, in an rubuta shekara 12, to mafi ƙuruciya a cikin haɗin ya kai 12. Amma wasu kan rubuta babbar lamba ba tare da kalmar shekara ba. Zacapa na Gwatamala ya daɗe yana ɗauke da 23, kuma kamfanin da kansa ya ce haɗi ne na masu shekara 6 zuwa 23. Mai saye da ya hango lambar daga nesa ba haka zai fahimta ba.

Na biyu sukari. Dafuwa ba ta ɗauko sukari, yana zama a gindin tukunya. Ram na gaskiya ba shi da zaƙi duk da daga rake ya fito. Amma mutane da yawa sun ɗauka zaƙi da santsi alamar tsufa ne, sai wasu kamfanoni suka riƙa ƙara sukari bayan an gama, ba su faɗa ba. Abin da ya tona shi ɗan ma'auni ne mai araha, bututun gilashi da ake tsomawa a ruwa. Sukari na ƙara wa ruwa nauyi, don haka in kwalba ta ce kashi 40 ma'aunin ya nuna 30, an san akwai abin da aka zuba. Wani ɗan Denmak mai suna Johnny Drejer ya yi ta auna kwalabe yana wallafawa, kantunan gwamnatin Suwidin da Finlan su ma suna bayyana sakamakon gwajinsu. An samu masu giram 40 a lita, wajen ƙwaya bakwai ko takwas na sukarin kwali. Dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta fara aiki a Mayun 2021, ta ce abin da ya wuce giram 20 a lita ba a kiransa ram. Kamar rigimar zuma ce a kasuwanninmu: ba wanda ya hana ka sayar da dafaffen sukari, amma kada ka kira shi zuma.

Na uku, wanda ya fi zafi, shi ne inda ganga za ta kwana. Katako na numfashi, barasa na sulalewa ta cikinsa ta bi iska. A ƙasa mai sanyi kamar Sikotland asarar kimanin kashi 2 ce a shekara. A zafin Karebiyan takan kai 6 zuwa 8. In ka yi lissafi da gangar lita 200, bayan shekara 10 a Turai za ka tarar da kimanin lita 163, a Jamaika a kan kashi 7 kuwa 97 kacal. Zafin na sa barasar ta ɗauki ɗanɗanon katako da sauri, amma rabin kayan ya tafi. Don haka arha ita ce a sayi farin ram a tanki daga tsibiri, a kai Amsterdam ko Liverpool ko Faransa, a ajiye a can, a haɗa, a ɗura, a rubuta sunan tsibirin. Haka aka yi ɗaruruwan shekaru. Kuma duk ribar mai kauri a wannan ɓangaren take: ajiya, haɗi, kwalba, suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su wa ke da manyan sunayen ma? Appleton da Wray & Nephew na Jamaika na hannun Campari na Italiya tun 2012. Mount Gay na hannun Rémy Cointreau na Faransa. Babbar masana'antar West Indies Rum Distillery ta Barbados, kamfanin Maison Ferrand na Faransa ya saye ta a 2017, kuma ta hanyarta yana da kaso ɗaya cikin uku a National Rums of Jamaica. Shi wannan kamfani salonsa shi ne ya fara ajiye ram a tsibiri, ya ƙarasa a gangunansa a Faransa, wani lokaci da ɗan sukari. Sunan hajarsa a da Plantation, kalmar da ke nufin gonar bayi, abin da mu za mu kira rinji. A 2020 ya yi alkawarin canzawa, a 2024 ya koma Planteray.

Jamaika ta yi wa sunan ram ɗinta rajista a 2016. A Oktoban 2024 ofishin kare haƙƙin fasaha na ƙasar ya amince da gyaran da ya ce shekarun da za a ƙirga sai waɗanda gangar ta yi a Jamaika. National Rums of Jamaica ya ɗaukaka ƙara. A Barbados ma haka aka rabu: Mount Gay da Foursquare da St Nicholas Abbey na son a ɗaure sunan da tsibirin, West Indies Rum Distillery na son a bar ƙofa a buɗe. Hujjar masu son sassauci ba ta banza ba ce. Sun ce ajiye ram a tashoshin Landan da Bristol tsohuwar al'ada ce, kuma sayar da shi a tanki na ciyar da ma'aikata da yawa a tsibiran. In aka tsaurara, masu saye za su koma wani wuri. Gaskiya ne al'adar ta tsufa. Amma an kafa ta ne lokacin da tsibiran ba su da bakin magana a kan abin da suke samarwa, kuma tsufan tsari ba ya mayar da shi adalci. Ni ina tare da masu cewa in za a sayar da sunan Jamaika, rumbun ajiyar da maƙerin ganga da mai haɗi da harajin su zauna a Jamaika.

Akwai alamar cewa hakan na yiwuwa. Gonar Worthy Park ta Jamaika ta daina dafa ram a 1962, ta gina sabuwar tukunya ta dawo a 2005, da rakenta da maɗinta da rumbunta, tana sayarwa da sunanta. Hampden kuwa tun 1753 take aiki, amma kusan duk abin da ta dafa a tanki yake barin tsibirin, ya shiga haɗin wasu, ya shiga turare da kayan alewa a Turai, ba a ambaci sunanta ba. Wani iyali ɗan Jamaika ya saye ta a 2009, aka fara jera ganguna a filin gonar, ana jure asarar kashi 7 ɗin nan kowace shekara. Kwalbar farko ta tsohon ram mai ɗauke da sunan Hampden ta fito a 2018, shekara 265 bayan kafa gonar.